Sauya Waya: Ina Buƙata Ta Tsaya, Ina Israfi Ya Fara?

A Tudun Wadan Gombe, inda Jami'ar Jihar Gombe take tun kafa ta a 2004, da wuya a rasa gardamar waya a majalisar ɗalibai ko a shagon masu gyara. Wani ya bar Tecno ya koma iPhone yana cewa yanzu ne ya fara riƙe waya, wani kuma ya sayar da iPhone ɗinsa ya dawo Samsung ko Infinix yana cewa ya huta da wahala. Gardamar kan tsaya a kan wacce ta fi kyau. A ganina akwai tambayar da ta fi wannan nauyi ga Musulmi: yaushe sauya waya yake zama biyan buƙata, yaushe kuma yake zama israfi? Amsar da zan kare ita ce, farashin waya ko sunan kamfaninta ba su ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne aikin da sabuwar za ta yi maka wanda tsohuwar ta gaza, da kuma haƙƙin da za ka tauye kafin ka mallake ta.

Malaman usulu sun daɗe da ba mu sikelin auna irin wannan. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya yi bayani a littafinsa Almuwafaƙat cewa maslahohin ɗan Adam hawa uku ne: na larura, waɗanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da su; na buƙata, waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci; da na ƙawa, waɗanda ke gyara rayuwa kawai. Kaya kan tashi daga wani hawa zuwa wani idan zamani ya juya. Lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001, waya ado ce ta masu hali. Yau ɗalibi da ita yake samun sanarwar lacca da takardun karatu, ɗan kasuwa da ita yake karɓar kuɗi, kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna wa kowa cewa marar waya zai iya rasa cefane alhali da kuɗi a asusunsa. Saboda haka mallakar wayar zamani ta shiga hawan buƙata, babu ja a kan wannan. Abin da ya rage a auna shi ne tsallakawa daga wata irin waya zuwa wata, a wane hawa take.

Sai mu dubi yadda wayoyin suke a hannu a rayuwar yau da kullum. Android ce ta fi yawa a ƙasar nan, kuma ba banza ba. Kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya gina kasuwarsa ne a kan nazarin halin da mutanen Afirka suke ciki: gurbin layi biyu ga wanda sabis ke yanke masa, babban batir ga wanda wuta ba ta tsaya masa, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata yadda take. Da yawa daga cikin wayoyinsa suna karɓar memori, tura karatun tafsiri ko fim daga waya zuwa waya ta Xender ba tare da data ba abu ne mai sauƙi, kuma idan gilashi ya fashe ana samun madadinsa kusa da gida a farashin da talaka zai iya. Ita kuwa iPhone, wadda Apple ya fito da ita a 2007, tana da nata fifikon na gaske. Takan daɗe tana samun sabunta manhaja, domin iPhone 6s ta 2015 ta karɓi sabon tsari har a 2021. Bidiyonta yana da kyau, ba ta cika yin nauyi da wuri ba, kuma ba ta faɗuwa warwas a kasuwa idan an tashi sayarwa. Amma ba ta ɗaukar memori, gyaranta da tsada, kuma waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka tun daga iPhone 14 ba su da gurbin sa layi kwata-kwata, sai eSIM. Abin lura a nan shi ne kowane fifiko yana rataye da halin mai riƙon wayar. Mai ɗaukar bidiyon biki don neman abinci yana cin moriyar kyamarar, mai keke Napep da ke yini a kan titi kuwa batir ne damuwarsa.

Akwai kuma kuɗin sauyi da ba a rubuta shi a jikin kwali. Manhajar da ka saya a wani tsari ba ta bin ka zuwa ɗayan. Sai a 2022 ne WhatsApp ya buɗe hanyar kwashe hirarraki daga Android zuwa iPhone, kuma sai a 2023, bayan dokar Tarayyar Turai, Apple ya koma amfani da bakin caja irin na sauran wayoyi. Kamfanonin sun san cewa wahalar fita ita ce ke tsare musu abokin ciniki. Bayan haka, yawancin abin da mutum yake kira sauƙin waya sabo ne: yatsan da ya shekara yana bin hanya ɗaya zai ga kowace sabuwar hanya da wuya, bayan 'yan makonni kuma ya ga tsohuwar ce baƙuwa. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Idan haka ne, shaidar wanda ya ce wayarsa ta fi daɗin aiki ba ta isa hujja ba, har sai ya ambaci takamaiman aikin da ɗaya take yi ɗayar ta kasa.

A nan ne hukuncin israfi yake shigowa. Alƙur'ani ya hana israfi a Suratul A'araf, ya yi tir da almubazzaranci a Suratul Isra'i, ya kuma yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro a Suratul Furƙan, kuma bai yanka wani adadi ba, domin tsakaitawa tana bin ƙarfin mutum. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, sabuwar iPhone kuwa ta haura naira miliyan ɗaya, wato fiye da albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci. Attajirin da ya fitar da zakka, ya sauke nauyin iyalinsa, ya saye ta, bai yi laifi ba. Ɗalibin da ya karkatar da kuɗin rajista, ko magidancin da ya ci bashi gidansa babu hatsi, ya sayi wayar nan da haƙƙin wasu. Waya ɗaya ce, hukunci biyu. Kuma ma'aunin bai bar masu Android a baya ba: wanda ke canza Infinix duk bayan wata shida don an fito da sabuwa yana iya fin mai iPhone guda ta shekara biyar ɓarna.

Za a ce, ai Allah bai haramta ado da daɗaɗan abubuwa ba, kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito, da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mai son tufafi da takalma masu kyau, bai ƙirga hakan a girman kai ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ban ce son waya mai kyau zunubi ba ne. Hawan ƙawa halal ne, sharaɗinsa dai kada a rushe na ƙasa don a gina shi. Hadisin kuma ya fayyace girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane, don haka ranar da waya ta zama abin auna wanda za a kula da wanda za a share, a zance ko a neman aure, an faɗa cikin abin da ya yi gargaɗi a kai. Za a kuma ce mai tsada ita ce mai araha, tunda tana daɗewa. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ga wanda zai riƙe wayar har ta tsufa ne kawai. Ba ta kare mai kai tasa kasuwa duk shekara yana cika kuɗi, kuma ta rage kaifi tun da Google da Samsung suka yi alƙawarin sabunta manyan wayoyinsu na shekara bakwai.

Ƙalubale mafi nauyi shi ne cewa niyya a zuciya take, wa ya isa ya ce wane don riya ya sauya waya? Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ne dalilin da ya sa wannan ma'auni na auna kai ne, ba na auna maƙwabci ba. Wanda ya hango iPhone a hannun ɗalibi ya yanke cewa ɗan damfara ne ko mai fariya, ya yi mummunan zato, kuma alfahari da ƙanƙan da kai shi ma alfahari ne. Abin da ke kan kowa shi ne ya tambayi kansa kafin ya miƙa kuɗi: wane aiki ne wayata ta kasa yi, kuɗin nan na wane ne, kuma da babu mai ganin bayan wayar zan saye ta? Wanda ya sami amsa mai tsabta ya sauya hankalinsa kwance, ko zuwa iPhone ko zuwa Android. Wanda bai samu ba ya gyara ta hannunsa ya ci gaba da amfani da ita, domin ranar hisabi za a tambayi bawa inda ya samo dukiyarsa da kuma inda ya kashe ta.