Hakkin Masunci da Hakkin Kifi

A bakin tekun Atilantika, cikin ƙasar Muritaniya, akwai wani wuri da ake kira Bank Dargin. A cikin shekara ta 1976 gwamnatin ƙasar ta keɓe shi, tudu da ruwa, kusan murabba'in kilomita 12,000, domin kifaye su hayayyafa, tsuntsaye kuma su sami masauki. Amma da ma akwai mutane zaune a ciki, ana ce da su Imragen, masunta ne tun kaka da kakanni. Aka bar su da sana'arsu, bisa sharaɗin ba za su shiga ruwa da jirgi mai inji ba, sai wanda iska ke turawa.

Daga wajen 1980 zuwa gaba sai fatake suka zo neman fiffiken wani babban kifi mai suna shak, da na danginsa masu faɗi kamar faifai, domin a ƙasar Sin ana yin miya mai tsada da shi. Naman kuwa a sa masa gishiri, a busar, a kai har Gana. Fatake suka ba da taru bashi, masunta suka duƙufa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yawancin kifaye ƙwai dubbai suke zubawa. Shi wannan kuwa sai ya shekara da yawa kafin ya balaga, kuma iri-irinsa da dama haihuwa suke yi, 'ya'ya kaɗan, kamar akuya. Wanda ya kama uwa ya kama garke. Sabo da haka a 2003, bayan an yi ta shawara da masunta, aka hana sa taru musamman dominsa.

Shin an yi adalci? Ni dai a ganina hanin daidai ne, gama jikokin masuntan nan suna da rabo a ruwan, ba su kuwa da bakin magana tukuna. Amma ka duba, ya mai karatu, wa aka ɗora wa kayan. Mai shan miya yana can nesa, ba wanda ya taɓa shi. Falke ya kwashe ribarsa. Manyan jirage suna ta ɗiba a bayan iyaka. Talaka mai ƙaramin jirgi shi ne kusa, shi hannu ya kai gare shi. Wanda ya karɓe tarun mutum domin amfanin duniya duka, wajibi ne ya biya shi, ya kuma nema masa kasuwar halattaccen kifinsa.

Akwai sauran magana. Taru ba shi da ido: an sa shi domin wani kifi, shak ya faɗa ya mutu. In an ce a zubar, an yi ɓarna. In an ce a sayar, gobe wani zai kai tarunsa daidai inda suke haihuwa, ya rantse tsautsayi ne. Ma'aikacin da ke tsaye a bakin gaɓa kifi kaɗai yake gani cikin jirgi, bai ga inda aka sa tarun ba.