Daƙiƙa Biyar

Ya Ubangiji, na farka. Gari bai gama wayewa ba, hunturu kuma ya sa yatsuna sun yi sanyi ƙalau. Ga ni zaune a bakin gado, 'yar na'urar awon suga a kan cinyata, kamar kowace safiya.

Na wanke hannu da sabulu, na goge ya bushe. Da wuya na koyi wannan. Wata rana na sha mangwaro, na yi awo ban wanke hannu ba, na'urar ta nuna lambar da ta sa hankalina ya tashi. Ashe zaƙin a fatar yatsa yake, ba a jinina ba.

Na murza hannun har ya yi ɗumi, don jini ba ya son fitowa da sanyi. Na soka allurar a gefen yatsa, inda zafin bai kai na tsakiya ba. Ɗigo ɗaya ya fito, kamar ƙwayar gero. Tsinken gwajin ya zuƙe shi, na'ura ta fara ƙirga.

Daƙiƙa biyar ne kawai, ya Uba, amma a cikinsu nake ganin irin zuciyar da ke ƙirjina. Gabana yakan faɗi. Sai in tuna tuwon masarar daren jiya, da malmala ta biyu da na ce rabi zan ci. In tuna kwalbar lemon da aka miƙo mini a gidan biki, kunya ta hana ni mayarwa. In zauna tsuru kamar wanda aka gurfanar gaban alƙali.

Likita ya ce da safe, kafin in karya, ana so lambar ta tsaya tsakanin 80 da 130. In ta yi ƙasa da 70, in nemi abu mai zaƙi nan take, kafin jiri da rawar jiki su kayar da ni. Ya ba ni ɗan littafi in riƙa rubutawa kullum.

Ka san abin da na yi da littafin nan. Ranar da lamba ta yi kyau, sai in rubuta ta ɓaro-ɓaro. Ranar da ta haura 200, in rufe littafin in ce sai gobe. Wata uku ina haka.

Da ranar asibiti ta zo, suka ɗebi jinina, suka yi gwajin nan da ke nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka shige. Nas ta dubi takardar, ta dubi littafina, ta yi murmushi.

"Baba, ai littafin nan ya fi ka lafiya," in ji ta.

Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi lambobin da na ɓoye su ne likita ya fi bukata, don da su zai san yadda zai gyara mini magani.

Tun daga ranar maganarta ba ta bar ni ba, domin haka nake yi da kai. Ranakun da na yi abin kirki nakan zo gabanka da baki cike da addu'a. Ranakun da na yi tuntuɓe sai in yi shiru, in laɓe kamar Adamu a cikin itatuwa, wai sai na gyaru tukuna.

Alhali ka san lambar tun na'urar ba ta fara ƙirga ba. Kai ka yi hantar da ke sakin suga cikin jini da asuba domin jiki ya sami ƙarfin tashi. Shi ya sa wata safiyar lambar takan hau ko na kiyaye bakina da dare. Wata safiyar kuwa babu musu, kwaɗayina ne ya jawo. Ka ga wannan, ka ga waccan, ba ka taɓa matsawa daga bakin gadon nan ba.

Ina koyo a hankali. Har yanzu gabana yana faɗuwa, amma ba kamar da ba. Yanzu in na'ura tana ƙirga, nakan kira sunanka a hankali, in ja numfashi, in jira tare da kai.

Ga shi ta nuna: 148. Ya ɗan haura. Na ɗauki biro na rubuta shi yadda yake, na sa kwanan wata, a gefe na ƙara da cewa, tuwo malmala biyu. Na rufe robar tsinken gam, don danshi da zafi suna lalata su, ga su da tsada.

Daga madafa na ji muryar matata: "Maigida, nawa ne yau?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta ce to, kunu ba suga, ƙosai uku.

Na gode, ya Uba. Bari in sha maganina, in rana ta ɗan ɗaga in taka zuwa bakin titi in dawo.