Ko Ƙarfe Yana Riƙe Niyyar Wanda Ya Ƙera Shi?

A wata maƙera da ke Dogo, kudu da birnin Zinder, na tarar da wani maharbi ya kawo ɗan gajeren gatari wanda ya tsinta cikin kayan gwanjo, irin wanda ake ratayewa a jirgin sama domin in hatsari ya auku a fasa jikin jirgin a fid da mutane, yana so maƙeri ya ɓamɓare baƙar robar da ta lulluɓe mariƙinsa, wadda aka sa domin kada lantarki ya kama mai sara, ya mayar masa da shi barandami.

Maƙerin, dattijo mai ɗan karatu, ya daɗe yana juya shi a hannu, kana ya dube ni ya ce, "Allah gafarta Malam, abin da aka yi don ceton rai, ya halatta in mai da shi na ɗaukar rai?"

Amsar fiƙihu ba ta da nisa, gama Suratul Hadid ta ambaci ƙarfe da siffofi biyu a aya guda, tsananin ƙarfi da amfani ga mutane, ba ta kuwa raba shi gida biyu ba; kuma malamanmu na Malikiyya, waɗanda suka hukunta cewa giya in ta juye ta zama halli, wato ruwan tsami, ta tsarkaka, ba su ɗora wa abu alhakin asalinsa, sai dai sun hana sayar da makami ga wanda aka san fitina zai tayar da shi, saboda toshe kafar ɓarna. Maharbin nan kuwa gada da zomo yake bi. Ƙasar Damagaram ma ba baƙuwa ba ce ga juya ƙarfe, tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, lokacin da aka zuba igwa a cikin birni, har zuwa yau da sifirin mota ke zama hauya da adda ba wanda ya nemi fatawa.

Duk da haka ban ga wautar dattijon ba, domin kuwa ko da yake ƙarfe ba shi da niyya, surarsa shaida ce a kan niyyar wani bawan Allah da ba mu sani ba, wanda ya zauna ya yi tunanin mutumin da hayaƙi ya rufe, ya auna masa tsinin da zai huda bango da robar da za ta kare tafinsa. Wanda ya shafe wannan sura bai yi zunubi ba, amma ya shafe alamar wani alheri, abin da shari'a ta yi shiru a kansa, ta bar wa muru'a.

Na faɗa wa maƙerin halal ne. Ya sa yaro ya ja zugazugi, ya yanke robar da wuƙa a hankali, bai jefa ta wuta ba, ya soke ta a jikin danga.