Kuɗin Bayen Ingarma: Me Ake Saye, Me Ake Sayarwa?



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata mas'ala da ke yawan zuwa gaban malamai a garuruwanmu na noma, daga Gobir da Katsinar Maraɗi har Damagaram da Adar. Manomi yana da goɗiya, maƙwabcinsa yana da ingarma. Mai goɗiya ya kai ta baye, mai ingarma ya yanka masa kuɗi ko tiyoyin hatsi. Wata ya wuce, goɗiya ba ta ɗauka ba. Wannan ya ce a mayar masa da abinsa, wancan ya ce dokinsa ya yi aikinsa. Daga nan sai gaisuwa ta yanke tsakanin gidaje biyu da ke salla a sahu ɗaya. To, wa ke da gaskiya a cikinsu?

Mu fara da abin da ya inganta. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana karɓar farashi a kan barbarar namijin dabba. A kan wannan ne Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad suka tafi ga haramcin wannan ciniki gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce abin da ake sayarwa ba a san gwargwadonsa ba, kuma mai sayarwar ba ya da ikon miƙa shi. Wannan shi ne garari, wato cinikin da ƙarshensa ke ɓoye, mai barin ɗayan biyu da hasara da ƙullaci.

Amma Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a wannan ƙasa, ya rarrabe. Kamar yadda Shehu Halilu ya bayyana a Muhtasar, abin da aka hana shi ne a yi ijarar ingarma bisa sharaɗin sai goɗiya ta ɗauki ciki. Idan kuwa an ambata kwanaki sanannu ko adadin hawa sananne, to ya halatta, in kuma ta ɗauka kafin adadin ya cika sai ijarar ta warware a kan abin da ya saura. Ku lura da hikimar da ke nan. Ɗaukar ciki ba ya hannun mai ingarma, ba ya hannun mai goɗiya. Allah kaɗai ya san abin da kowace mace ke ɗauke da shi, kamar yadda ya faɗa a Suratur Ra'adi. Saboda haka wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya biya shi, shi kuwa ya lamunce masa duƙushi, ya sayar da abin da bai mallaka ba. Wanda kuwa ya ce a biya shi ladan kwana bakwai na dokinsa, ya sayar da abin da ke turkensa.

Ashe ke nan mafi yawan rigimar da muke gani tun daga bakin ciniki take farawa. Mai goɗiya yana ƙudure da cewa duƙushi ya saya, mai ingarma yana ƙudure da cewa hawa ya sayar, kowa ya yi shiru don kunya ko don wayo. Da sun fayyace magana gaban shaidu biyu, da Shaiɗan bai sami ƙofa ba.

Sai dai ba a halacci kaɗai Musulmi ke tsayawa ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa an lissafa ba da aron namiji don barbara cikin haƙƙoƙin da ke kan mai raƙuma da shanu da tumaki, tare da aron guga a bakin rijiya. Mu duba wannan da idon basira. Malamanmu sun tafi a kan cewa babu zakka a kan dokin da ba na fatauci ba. Mutum na iya ɗaure ingarman da kuɗinsa ya fi na shanu da yawa, shekara ta zagayo, ba a nemi ko dala daga gare shi ba. To, ta ina godiyar wannan ni'ima za ta fita, in ba ta irin wannan hanya ba? Hadisi ya kasa dawaki kashi uku: wanda yake lada ga mai shi, da wanda yake sutura, da wanda yake zunubi, shi ne wanda aka ɗaure don alfahari da riya. Kowane mai barga ya tambayi kansa a wane kashi nasa yake. Ingarman da ba a ganinsa sai ranar hawan salla, an lulluɓe shi da kayan ado, alhali goɗiyar talaka na tsufa ba ta haihu ba, muna ji wa mai shi tsoro.

Wani zai ce: Malam, ai ingarma ba iska yake ci ba. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wannan magana. Doki na son gero ko dawa, da harawa, da dusa, da kanwa, rani da damina, kuma duk wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san yadda mutane suka rabu da dawakinsu don abin da za a ba doki shi ne abin da yara za su ci. In an ce kowa ya ba da aro kyauta ba tare da ko sannu ba, masu ɗaure ingarma za su ragu, iri mai kyau ya ɓace, kowa ya yi hasara. Shari'a ba ta manta da wannan ba. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa wani mutum daga ƙabilar Kilabu ya gaya wa Annabi (S.A.W.) cewa sukan ba da aron namiji sai a yi musu kyauta, sai ya yi masa rangwame a kan kyautar. Don haka mai goɗiya kada ya fake da hadisin hani ya zo hannu sake. Damin harawa, ko tiyar gero, ko yinin noma a gonar mai doki, duk suna cikin sakayyar alheri.

Akwai kuma amana a kan ɓangarorin biyu. Cikin goɗiya wata 11 ne ko kusa da haka, kuma mai ita zai ci gaba da ciyar da duƙushi shekaru kafin a ɗora masa sirdi. Wanda ya yi ƙarya game da asalin dokinsa, ko ya ɓoye cewa ya tsufa ba ya ba da ciki, ya cuci ɗan'uwansa wahalar shekaru. Haka nan likitocin dabbobi sun tabbatar akwai cutar da ke bin dawaki ta hanyar baye. Wanda ya ga kumburi ko ruwa na fita daga al'aurar dabbarsa, namiji ko mace, wajibi ne ya bayyana, ya kai ta ga ma'aikatan kiwo, domin ɓoye aibi algus ne. Kuma dabbar ita ma tana da haƙƙi: kada kwaɗayin kuɗi ya sa a jera wa ingarma goɗiyoyi har ya rame, kada a ɗaure goɗiyar da ba ta nema a tilasta mata.

Nasiharmu ita ce: mai wadata ya ba da aro don Allah, wanda aka ara wa ya yi kyauta gwargwadon hali. Wanda bukata ta sa ya karɓi lada, ya ambaci kwanaki ko adadi, kada ya lamunci ciki. Waɗanda kuma suka riga suka ɓata a kan wannan, su je ga limamin garinsu a sulhunta su kafin Juma'a mai zuwa.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya sa albarka a gonakinmu da garkunanmu, ya tsare mu daga cin haram.