Wayar Nan Taki Ce, Ko Aro Aka Ba Ki?

Yau magana ce 'yar ƙarama nake tafe da ita, amma don Allah kada ku raina ta. Abin da mace ta sa kuɗinta ta saya, ko maigida ya sayo ya ce ungo naki ne halak malak, shin in ya lalace tana da ikon ta buɗe cikinsa, ko ta kai wa wanda hankalinta ya kwanta da shi ya gyara mata? Na san wata za ta ce haba Hajiya, wannan ai ba abin tambaya ba ne. To a kan keken ɗinki ba abin tambaya ba ne. A kan wayar da ke hannunki kuwa abin tambaya ne, har majalisun manyan ƙasashe sai da suka zauna a kansa.

Ki duba keken ɗinkin da ake sa wa amarya cikin kayan ɗaki, Butterfly ne ko Singer. In kika ja 'yar aljihun nan ta gefe me za ki tarar? Sukundireba babba da ƙarama, ɗan tulun mai, allurai, da ɗan littafi mai hotuna da ke nuna miki inda za ki kwance da inda za ki ɗiga mai. Wato wanda ya ƙera keken tun daga ƙasarsu ya san wata rana zai ba ki matsala, kuma ya yarda ke mai hankali ce, za ki iya. Haka muka taso. Risho in ya fara hayaƙi mu muke zare lagwani mu sa sabo. Ƙwarya in ta tsage a jira gyartai, bokiti in ya huje a kira mai liƙi. Ko da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, 'yar Nokia mai tocila ba ta saɓa wa wannan tarbiyya ba. In ta faɗa ruwan wanki, da farce za ki ɓalle bayanta, ki zare batir, ki shanya, gobe ta tashi garau.

Amma ki ɗauko babbar waya ta yanzu ki jujjuya ta, ki nuna mini inda farcenki zai shiga. An liƙe bayanta da gam, an binne batirin a ciki. A 2011 kamfanin Apple ya koma ɗaure iPhone da wasu 'yan kusoshi masu kai kamar fure mai ganye biyar, waɗanda sukundirebar da mutane ke da ita ba ta kwance su. Daga baya abin ya wuce kusa. Aka riƙa ɗaura wa kowane sashe na waya aure da ita, gilashi da batir da kyamara kowanne da lambarsa, ta yadda ko na gaske mai gyara ya ciro daga wata wayar irinta ya sa miki, sai taki ta yi ta gargaɗi ko wani aikinta ya tsaya. A 2016 mutane da dama da aka canja wa maɓallin gaban iPhone a shagunan da ba na kamfani ba suka wayi gari wayoyinsu sun kulle, suna nuna kuskure mai lamba 53. A ƙarshen 2017 kuma kamfanin ya amsa da bakinsa cewa yana rage wa wayoyin da batirinsu ya tsufa gudu. Ya ce don kada su riƙa mutuwa ne ba zato, amma bai sanar da masu su ba tun farko, wasu suka yi zaton wayar ce ta gaji alhali batir kawai take so. Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 kan wannan ɓoyewa.

Kada ki ce ni ina ruwana da iPhone, tawa Tecno ce ko Infinix ko itel. Ai in babba ya fito da salo, ƙanana bi suke yi, shi ya sa taki ma batirinta a binne yake. Sa'ar da muka ci ita ce kayan gyaran waɗannan suna nan birjik a kasuwar Farm Centre ta Kano, daga can suke gangarowa har rumfunan yaran da ke gyara a Talata Mafara. Kasuwa ce ta yi mana wannan rana. Ran da mai kamfani ya ga dama ya kulle tasa kamar yadda wancan ya kulle, me muka tanada?

Mu da muka ɗan zauna gaban malamai a Islamiyya mun ji a babin ciniki cewa in saye ya ƙullu, kaya ya bar hannun mai sayarwa ke nan. Malaman Malikiyya ba su yarda da sharaɗin da ke ɗaure hannun mai saye a kan abin da ya saya ba, kamar a ce na sayar miki da akuyar nan amma kada ki sayar wa kowa, kada ki ba kowa kyauta. Haka kuma ɓoye aibin kaya haramun ne. Ni ba malama ba ce da zan yanke hukunci a kan kamfanonin waya, na bar wa masu abin. Amma da ɗan hankalina nake tambaya: wanda ya sayar mini da akwati, ya karɓi kuɗinsa cif, sannan ya riƙe makulli a aljihunsa ya ce duk ran da nake son buɗewa in zo wurinsa in sake biya, ya sayar mini ne ko haya ya ba ni?

Mutanen wannan yanki namu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan kalmar mallaka. Iyayenmu na Birnin Tudu sun ga abin da suka gani a watan Afrilun 1980, da aka zubar da jinin manoma a kan gonakinsu da diyyarsu saboda aikin madatsar ruwa ta Bakolori. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Ba zan haɗa waya da gona ba, ban isa ba. Abin da nake so ki lura da shi wani ne daban cikin wannan aikin. An gama madatsar a 1978, kamfanin Italiya ne ya yi ta, aka tsara shayar da kadada 23,000. Mafi yawan filin da injinan feshin ruwa na zamani aka shirya ba shi ruwa, ragowar kuma ta hanyoyin ruwa masu gangarowa da kansu. Kafin 2003 injinan feshin nan sun tsaya cak. Ɓangaren da ya ci gaba da ba mutane shinkafa shi ne na hanyar ruwa, wanda in ya toshe manomi zai naɗe wando ya shiga da shebur ya yashe. Na zamanin ya fi kyau a ido, ya fi tsada, amma da ya kwanta ba mai iya tayar da shi cikin masu gonar.

To waya yanzu ta kusa zama gonar mace. Ku tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, yadda mai son jin muryar ɗanta sai an shiga mota an fita jihar. Ku tuna farkon 2023 da takardar Naira ta yi ɓatan dabo, ko gishiri sai da taransifa. Mai ƙuli-ƙuli, mai turaren wuta, mai sayar da atamfa daga cikin ɗaki, duk a WhatsApp suke baje kolinsu. Kuɗin adashi a waya yake. In gilashinta ya fashe ranar Laraba, aka ce ba mai taɓa ta sai shagon da kamfani ya amince da shi a wani babban birni, ki lissafa kuɗin mota, ki lissafa kwanakin da ciniki zai tsaya, sannan ki tuna halin da hanyoyin Maradun da Bakura suka shiga a shekarun nan. Wa zai sa ransa a hanya saboda gilashin waya?

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba kuɗin ba ne. Namiji in wayarsa ta lalace, da ƙafarsa zai je, ya ja benci ya zauna, idonsa a kan hannun mai gyara har a gama. Ke fa? Ke kina cikin gida. Za ki ba ƙanin miji, ko almajirin gidan, ko ɗanki. Can an jima ya dawo ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Inna, mai gyara ya ce a ba shi lambar buɗewa, wai sai ya gwada." Sai ki faɗa masa, don ba yadda za ki yi. Daga wannan lokacin har wayar ta dawo, kwana ɗaya ne ko uku, duk abin da ke cikinta yana hannun mutanen da ba ki taɓa ganin fuskarsu ba. Hotunanki ba ɗankwali da kika ɗauka don mijinki. Saƙon murya da kika yi wa yayarki kina kuka ranar da aka ɓata miki. Maganar da kika yi da ungozoma ko likita. Asusun bankinki. Da can mace tana da adaka, tana da ƙasan gado, tana da ƙwallar da ko miji ba ya buɗewa. Yanzu duk an tattara an zuba cikin abu guda, kuma abin nan ita kaɗai ce ba ta iya buɗe cikinsa.

Ban ce masu gyara mutanen banza ba ne, wallahi akasarinsu yara ne masu neman halak, kuma ba don su ba da tuni rabin wayoyin garin nan suna cikin bola. Amma mun sha jin auren da ya girgiza saboda hoto ya fita, kuma in ya fita ba a tambayar ta hannun wa ya bi, ita ake tambaya me ya sa ta ɗauka. A fiƙihunmu mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su, in ya ɓatar ko ya ɓata sai ya biya, tela ne ko maƙeri. To in gilashi ne ya biya. In sirri ne da me zai biya?

Shi ya sa ni a wurina 'yancin gyara ba wai kowace mace ta zama injiniya ba ne. A'a. A ƙera abin yadda ƙaramar matsala ba sai ya bar ɗakina ba. Batir ya mutu, in aika a sayo mini sabo in sa da hannuna kamar yadda nake sa wa rediyo. In ta kama sai an kai, to ya zama ni na zaɓi wanda za a kai wa, na kusa da ni, wanda na san gidansu.

Su ma kamfanonin suna da tasu hujjar, kuma ba duka ce ta banza ba. Batirin waɗannan wayoyi ba irin na tocila ba ne, in aka soke shi da tsinin wuƙa yana iya kamawa da wuta, wanda ya kumbura kuma haɗari ne a ajiye shi kusa da yara. Gam ɗin nan yana hana ruwa da ƙura shiga. Jabun kaya sun cika kasuwa, a sa miki gilashi yau jibi ya daina jin yatsa. Hujjar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta sata. Masu ƙwacen waya sun san in an kulle ta ba za ta sayu ba, sai su farke ta su sayar gunduwa-gunduwa, kuma ba mamaki gilashi mai arahar da wata take murna da shi na wata baiwar Allah ne da aka tsare da wuƙa. Wannan gaskiya ne. Amma maganinsa ai a toshe sassan wayar da aka ba da rahoton an sace, ba a ɗauki duk mai waya a matsayin ɓarauniyar kayanta ba. Jabu kuma yana samun kasuwa ne inda aka ɓoye na gaske ko aka tsauwala masa kuɗi.

Turawan da suka ƙera abin ma sun fara ja da baya, da aka matsa musu. A 2021 Faransa ta fara tilasta a manna wa waya maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaranta tun kafin ka saya. A 2022 Apple ya fara sayar wa mutane kayan gyara da littafin bayani a Amurka. Jihar Oregon ta yi doka a 2024 da ta hana amfani da ɗaurin auren sassan nan don tauye gyara. Tarayyar Turai kuma, daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta a ci gaba da samar da kayan gyaran waya har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurinta. Ashe dai ana iyawa. Mu nan muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda aka sa hannu a dokarta a 2019, kuma da matan da ke majalisu da ƙungiyoyinmu za su ɗauki wannan magana su kai can da na ji daɗi, don mu ne kasuwar waɗannan kamfanoni, ba alfarma suke yi mana ba.

Wani abu kuma da na daɗe ina mamakinsa: muna tura 'ya'yanmu mata koyon ɗinki, da saƙa, da haɗa sabulu da man shafawa, har sana'o'in sun yi wa juna yawa a unguwa ɗaya. Hannun da ke zare lalle siriri kamar gashi, yake ɗinka duwatsu a wuyan riga, shi ne zai kasa riƙe ɗan hantsaki ya canja bakin caji? Yarinya ɗaya a unguwa in ta iya, da ɗan teburinta a tsakar gida, matan aure nawa ne za su sa hijabi bayan Magariba su kai mata da kansu, su zauna a tabarma suna hira har ta gama?

Kafin Allah Ya kawo wannan, in wayarki za ta fita gyara ki zare sim da memori ki ƙulle a bakin zane. In tana kunnuwa, ki kwashe hotunan da ba kya so a gani, ki fita daga manhajar banki. Wasu wayoyin, kamar na Samsung tun 2022, suna da wani yanayi na musamman da ake kunnawa don gyara, wanda ke ɓoye kayanki mai gyara ya yi gwajinsa ba tare da ya gan su ba, ki sa a duba miki ko taki tana da shi. Canjin batir ko bakin caji ba ya bukatar lambar sirrinki. In an ce sai an gwada, ki ce a kawo gida ki gwada da kanki, in bai yi ba a mayar. Tsohon gilashin da batirin da aka cire kuma ki ce a dawo miki da su cikin leda, ki gani da idonki.