Wai Ajiya Maganin Wata Rana Ce?

'Yar uwa, tambayar da na zo da ita a wannan karon ba ta soyayya ba ce, ba kuma ta kishi ba, irin wadda kuka saba ji daga gare ni. Idan aka ba ki amanar wani abu, kika kulle shi kika hana kowa taɓawa, ke ma ba ki taɓa ba, ranar da aka buɗe sai aka tarar ya lalace, shin kin riƙe amanar nan ko kuwa kin ci ta? Na san da yawa za su ce ai babu laifinki tunda hannunki bai kai gare shi ba. Haka muka tashi muna ji, wai ajiya maganin wata rana. Ban musa ba idan ana maganar zinare ne ko kwanukan jere, waɗanda za su shekara goma a cikin adaka su fito yadda aka sa su. To amma akwai kayan da zaman ajiyar shi ne ajalinsu, kuma mota tana cikinsu.

Abin da ya sa na kawo mota, na san ba gidan gwaggona kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gidaje da dama suka jingine motocinsu, wasu a gareji, wasu a ƙofar gida an lulluɓe da tamfol ana jiran sauƙi. Ita kuwa ta gidan Gwaggo rasuwa ce ta zaunar da ita. Mijinta ya bar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, irin haɗin Kaduna ɗin nan. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, aka kuma ci gaba da yin 504 har bayan shekarar 2000, alhali can Faransa an daɗe da daina ta. Marigayin yana ji da motar nan kamar me. Da ya rasu ba a raba gado da wuri ba, yau a ce wane ba ya gari, gobe a ce a bari yara su tasa. Gwaggo ta fita takaba, ta sa aka tura motar cikin gareji, ta ɗaure makullin a cikin ɗan tsumma ta jefa ƙasan akwati. Shekara biyar cur babu wanda ya murɗa shi.

Ranar da aka ce a tayar da ita a sayar don kuɗin makarantar babban ɗanta, ina gidan. An kira wani dattijon bakanike, ya zo da yaronsa da batir na aro. Da aka ɗaga bonet sai ga gidan zanzaro a jikin tukunyar tace iska, ga kashin ɓera, ga waya guda an gaigaye ta. Bai yi gaggawar ba ta wuta ba. Sai da ya duba baƙin mai, ya kwance fulogai ya ɗiga mai kaɗan a kowane rami, ya juya injin da hannu ya ji bai kafe ba. Ya goge kwantak, ya gwada fulogi a jikin ƙarfe ya ga wuta na tartsatsi. Sannan ya ce da yaron ya murɗa. Inji ya yi ta juyi, shiru, ba ta tashi ba.

Sai ya ɗebi sabon fetur a murfin kwalba ya zuba a maƙogwaron kafireta, ya ja da baya, ya ce a sake. Motar ta yi gurnani kamar za ta tashi, daƙiƙa biyu ko uku, ta mutu. (Wannan gwajin kada ki bari yaran gida su kwaikwaya, wuta kan yi tsalle ta fito ta wurin.) Ya juyo ya ce, “Hajiya, injinki lafiya lau, wuta ma akwai. Yunwa take ji, abinci ne ba ya isa gare ta.”

Gwaggo ta ce, “Malam, wace irin yunwa kuma? Wallahi da mai fiye da rabin tanki aka ajiye ta, ko cokali ban bari an zuƙa ba.”

Ya ce, “Ai shi ne ya yi mana aikin, Hajiya.”

Bari in yi miki bayanin kafireta yadda na fahimta, domin ba baƙon abu ba ne, akwai ƙaramarta a jikin janareton gidanku da injin markaɗe. Ita ce madafar mota. Aikinta ta gauraya iska da fetur daidai gwargwado, kusan kashi 15 na iska a kan kashi 1 na mai idan an auna da nauyi, ta miƙa wa inji. A cikinta akwai ɗan kwano da mai ke taruwa, da wani abu mai yawo a saman man wanda makanikai ke kira fulot, kamar ƙwallon nan na tankin ruwa: in kwano ya cika sai ya taso ya tura wata 'yar allura ta toshe hanya. Daga kwanon mai yake bi ta wasu ƙananan ƙofofi na tagulla, su ne jet, wani hujinsa bai kai kafar allurar ɗinki ba. Motocin yanzu sun koma injekta, amma Fijo irin tasu Gwaggo kafiretar Solex ce a jikinta.

Shi kuwa fetur ba ya son zama. Cikin 'yan watanni sai mai sauƙin cikinsa ya bi iska, ya bar mai nauyin, kamar miyar da aka manta a kan wuta ruwan ya ƙone ya bar kauri a gindin tukunya. Da bakaniken ya buɗe kwanon ya miƙo mana mu gani, abin da ke ciki ya zama ja kamar zuma, yana danƙo, warinsa irin na tsohon fenti. Allurar ta manne, jet duk sun toshe. Tankin ma da ba a cika yake ba, raɓa ta riƙa taruwa a cikinsa damina biyar, ta kwanta a ƙasa ta haifi tsatsa. Robar cikin famfon mai ta bushe ta tsage. Duk wannan ɓarna babu hannun ɗan Adam ko ɗaya a cikinta.

A nan ne fa tambayata take. Gwaggo ba sakarya ba ce, ba kuma maƙetaciya ba. Na tambaye ta daga baya me ya hana ta ko sau ɗaya a mako ta sa a tayar da motar, sai ta ce, “Ke yarinya ce. Ranar da dangin ubansu suka ji ƙarar motar nan a gidan nan, me kike jin za a ce? Cewa za a yi na fara cin kayan marayu, ko na sami wanda nake ba wa aro.” Gaskiyarta kuwa, da an faɗa. Ita tumuni kaɗai gare ta a cikin motar, sauran na 'ya'yanta ne, amma ita za a zuba wa ido. Saboda haka ta zaɓi hanyar da babu wanda zai nuna ta da yatsa. Idan ta tayar da mota wani abu ya karye, an san mai laifi. Idan ta bar ta ta ruɓe a zaune, sai a ce Allah ne ya kawo.

Ni a ganina wannan ita ce cutar da ke cin mu, mata musamman. Mun fi tsoron ƙaramar ɓarnar da za a ce mu muka yi, a kan babbar ɓarnar da ba ta da mai ita. Sai mu kira abin riƙon amana, alhali rabinsa kare kai ne daga bakin mutane. Ban ce babu ƙauna a ciki ba. Na sha ganin Gwaggo tana share ƙurar gilashin motar nan da gefen mayafinta, na kuma san ba mota take gani ba a lokacin. Amma marayun da aka yi don su, me suka samu? An sake famfon mai, an wanke tanki, an sayo batir da tayoyi huɗu da tiyo-tiyo a Ƙofar Ruwa, duk daga cikin kuɗin da ya kamata ya tafi makaranta. Amanar da aka ba ta ai mota ce mai tafiya, abin da ta mayar kuwa sai da aka ci bashi kafin ya motsa.

Sai dai ba zan ɗora mata kayan ita kaɗai ba. Waɗanda suka ƙi raba gado shekara biyar, da waɗanda harshensu ya sa bazawara ta ji tsoron makullin gidanta, su ne suka fi ta kaso. Su ma ba su taɓa komai ba, kin gani. Kowa hannunsa tsaf.

Wata za ta ce, to ke nan duk abin da aka ba ni ajiya in yi ta taɓawa? A'a. Aikin dattijon nan ma ya nuna mini ɗaya gefen. Yaronsa ya ɗauko siririyar waya zai zura a cikin jet, ya buge masa hannu. Ya ce tagulla laushi gare ta, in ka sa waya ka faɗaɗa hujin, daga ranar motar ta zama mashayiyar mai har abada, kuma babu mai iya mayar da shi. Jiƙa su ya yi a cikin maganin wanke kafireta, ya hura musu iska, ya ɗaga kowanne saitin rana sai ya hango haske ta ciki. Kafin ya kwance sukurun da ke daidaita mai da iska, sai da ya murɗa shi ciki a hankali yana ƙirga juyi, ya zana adadin a ƙasa da yatsa, don ya mayar da shi inda mai motar ya bar shi. Da aka haɗa, ya ba ta mai daga galan maimakon tankinta, ta tashi, amma da an saki totur sai ta mutu. Bai ce a sayo sabuwar kafireta ba. Ya ce ƙofar silo ce ba ta gama buɗewa ba, ko kuma iska na satar hanya ta busasshen gasket. Ya sake kwancewa. A karo na biyu ta zauna a silo, sai kuma baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai, alamar allura ba ta rufewa, kwano na ambaliya. Ya sake kwancewa a karo na uku, ko tsaki bai yi ba. Taɓawa irin ta mai wayar nan ita Gwaggo take gudu, da gaskiyarta. Ba ta dai sami wanda zai gaya mata akwai irin ta dattijon ba.

Abin da motar take buƙata tun farko bai taka kara ya karya ba. Duk mako ko mako biyu a tayar da ita har inji ya yi zafi sosai, a ɗan zagaya da ita unguwa don tayoyi da birki su motsa, a riƙa ƙara mata sabon mai. In kuwa an san zaman zai yi tsawo, a tsiyaye man tanki, a bar inji ya yi aiki har ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa, a cire kan batir, a ɗora ta a kan katako. Wanda ya fi duka ga kayan marayu, a sayar tun tana da daraja a juya musu kuɗin.

Ga wadda ta sami kanta a irin halin Gwaggo kuwa, tun a makon da aka share makoki ta nemi a kira wan mamaci ko ƙaninsa, da mutum guda daga nata dangin, da limamin unguwa ko mai unguwa. Ta faɗa a gabansu cewa motar nan ba ta jure zama, su zaɓa: ko a sayar, ko a sa wanda zai riƙa tayar da ita, a kuma faɗi aljihun da kuɗin mai zai fito. A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, ta riƙe kwafi guda a wurinta.