Hali Zanen Dutse: To Wa Ya Zana Shi?

Rijiyoyin ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa suna da zurfi, har a wasu wuraren sai an sa sa ko raƙumi ya ja guga. In ka duba bakin tsohuwar rijiya, inda igiya ke gogawa, za ka tarar da kwarmi-kwarmi a jikin siminti ko icen da aka gitta, wani har yatsa na shigewa. Babu maƙerin da ya sa musu ƙarfe. Igiya ce, abu mai laushi, ta yi ta bin wuri ɗaya safe da yamma har ta ci shi. Duk lokacin da na ji an ce "hali zanen dutse", bakin rijiyar nan nake tunawa.

Galibi mukan jawo karin maganar ne idan mun gaji. Uwa ta yi faɗa har muryarta ta dishe, yaro bai daina ƙarya ba, sai ta tafa hannu ta ce hali zanen dutse. Wato a bar shi, ba ya kankaruwa. Akwai gaskiya a ciki, zan kuma dawo kanta. Amma zane sai da mai zanawa, kuma wanda ya gane yadda aka yi na farko yana iya fara wani a gefensa.

Ranar Alhamis a karar kasuwar Maigatari, inda dabbobi ke shigowa daga Damagaram da sauran sassan Nijar, tambayar da manomi ke fara yi wa dillali kan bijimi ita ce: "Horarre ne?" Horarre ya fi tsada, domin wani ya riga ya sha wahalarsa. Na ga wannan wahala a gidan baffana. Ɗanyen sa ya sayo, wanda ko igiya ba ya yarda a taɓa masa. Kwanakin farko bai nufe shi da karkiya ba. Yakan zo turke da ƙwaryar dusa da ɗan kanwa, ya tsaya, ya shafa masa wuya, ya tafi. Daga baya ya ɗaure shi gefen wani tsohon sa mai sanyin hali, suka riƙa zaga fili ba su jan komai. Sai aka ɗora karkiya. Sai aka ɗaura gungume. Garma ce ta zo ƙarshe, bayan makonni. Kuma duk sanda san ya kai ƙarshen kunya ya juya daidai, nan take baffa zai miƙa masa ɗan harawa. Na ce masa, "Baffa, ba ka bari sai an tashi aiki a ba shi gaba ɗaya?" Ya harare ni ya ce, "In an tashi, ya san ladan me aka ba shi?"

Baffa bai taɓa jin sunan B.F. Skinner ba, masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Harvard a Amurka, wanda littafinsa na farko kan wannan fanni ya fito a 1938. Da ɓeraye da tattabaru ya yi aikinsa, abin da ya tabbatar kuwa shi ne abin da ake yi a turken: aikin da lada ya biyo bayansa yakan maimaitu, ladan ya zo da wuri, kuma babban aiki a gutsuttsura shi, a saka wa kowane mataki. Tun kafin shi, Edward Thorndike ya ga haka a 1898 da kyanwoyin da yake kullewa a akwati su nemi hanyar fita. Iyayenmu ma da haka suke koya wa yaro azumi: bana ya kai azahar a yaba masa, baɗi la'asar, wata shekara ya kai magariba a ajiye masa ƙosai mafi girma.

Inda muke tuntuɓe shi ne bulala. Skinner ya lura cewa hukunci yana danne aiki na ɗan lokaci, amma ba ya koyar da abin da ya kamata a yi a madadinsa. San da aka hora da dorina yana yin huɗa, ba a musu, sai dai idonsa na kan hannun mai shi, ba kan kunya ba. Ga kuma namu na cikin gida: yaro ya yi laifi da hantsi, a ce masa "bari babanka ya dawo". Baba ya dawo bayan isha'i, a taso yaro daga barci a zane shi. Abin da ya koya shi ne tsoron ƙarar babur ɗin babansa.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ladan da ke zuwa jefi-jefi ya fi wanda ke zuwa kullum kafa hali. Yaro ya yi kuka a bakin shago yana son alewa. Uwa ta hana sau huɗu, a na biyar kunyar idon mutane ta sa ta saya. A ganinta ta yi ƙoƙari. Shi kuwa ya karanta cewa kuka yana biya in aka dage. Da irin wannan ƙugiya shagunan cacar ƙwallo ke riƙe matasa: ci ɗaya a cikin faɗuwa goma ya isa ya dawo da mutum gobe.

Yanzu ga gaskiyar karin maganar. Wasu ɗaliban Skinner, Keller Breland da matarsa Marian, sun mayar da horar da dabbobi sana'a, kuma a 1961 suka bayyana inda dabarar ta gaza musu. Sun koya wa aladu ɗaukar kuɗin katako su jefa a asusu a ba su abinci. Da farko lafiya lau. Bayan makonni sai aladun suka koma yar da kuɗin a ƙasa suna turbuɗa shi da hanci, kamar yadda suke tonon ƙasa, ko da hakan na jawo musu yunwa. Abin da aka halicce su da shi ya taso ya rinjayi abin da aka koya musu. A mutane ma, binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan ya nuna cewa sabon ɗan ƙaramin hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har sama da 250. Mu kuwa sai mu yi wa mutum nasiha ranar Juma'a, mu yanke masa hukunci ranar Lahadi.

San baffa ya shekara shida yana huɗar gero da riɗi. Tun a damina ta biyu aka daina bin sa da harawa, amma har ranar da aka mayar da shi Maigatari, in ya kai ƙarshen kunya ya juya, sai ya ɗan dakata ya waiwayo. Tsoron da yake yi wa raƙumi kuwa, wannan baffa ya yi iya yinsa, bai raba shi da shi ba.